Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Batun Cike Ramukan Ma'adinai a Gangaren Tuddai

Gabatarwa

Allin da malami ke riƙewa a gaban aji da simintin da aka yi daɓen ajin dangin juna ne, domin akwai wani farin ma'adini mai ƙyalli, wato jifsam, da ke shiga cikin kowannensu. Da shi ake yin galibin allin makaranta, kuma akan zuba kaɗan daga cikinsa a siminti don kada ya daskare tun magini bai gama aikinsa ba. Wannan ma'adini yana daga cikin arzikin da Allah ya binne a ƙasar Sakkwato. Akan same shi a lakar tuddan Dange da Shuni, da kuma tuddan da ke kallon kwarin gulbin Rima ta wajen Wurno da Goronyo. Mutanen karkara ke haƙo shi da diga da shebur, su tara, dillalai su zo su loda a mota. Haka nan ake fasa waɗannan tuddai don ɗibar burjin hanya da duwatsu da ƙasar gini.

Duk inda aka kwashe irin wannan arziki, abu biyu ake bari a baya: rami da tsibin ƙasar da aka fitar daga cikinsa. Mai haƙa ya karɓi ladansa ya yi gaba, dillali ya ci ribarsa, ramin kuma ya zama gadon mutanen da ke zaune a gindin tudun. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, cike irin waɗannan ramuka bashi ne a wuyan waɗanda suka ci moriyarsu. Wanda kuwa yake a gangare mai tsayi, a saman gidaje ko gonaki ko makaranta, ya cancanci a kawo masa injin da aka ƙera musamman don aikin gangare, ko da kuwa da tsada, muddin an bi matakan da suka kamata su gabaci zuwan injin.

Yadda Rami ke Zama Barazana a Gangare

Ramin da ke kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa illarsa tana nan inda yake. Yakan tara ruwa ya zama matattarar sauro, yaro ko dabba su faɗa ciki, amma ba ya tashi ya bi mutum har gida. Na gangare kuwa yana da ƙafa. Dalili shi ne, tuddan gabashin Sakkwato hawa-hawa suke: marmara mai tauri a sama, laka mai falle-falle da rairayi mai laushi a ƙarƙashinta. Marmarar ita ce hular da ke kare tudun daga ruwan sama. Idan aka huda ta, ko aka rarake ƙarƙashinta ana bin jijiyar ma'adini, ruwa ya sami ƙofa ke nan. Laka idan ta sha ruwa takan kumbura ta yi santsi, idan ta bushe kuma ta tsattsage, har wata rana abin da ke samanta ya rasa madogara ya rufto.

Ga shi kuma damina a wannan yanki gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, amma ruwanta kan zo da ƙarfi a lokaci guda. Tsibin ƙasar da aka zubar a bakin rami ba shi da saiwar da ta riƙe shi, saboda haka ruwan farko ke fara jan sa zuwa ƙasa. 'Yar hanyar ruwan da ta faro daga bakin rami bana, baɗi ta zama kwazazzabo. Wanda ya san Wurno ya san abin da ke gindin tuddanta: fadamar da ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, wadda ita ce rumbun jama'ar yankin. Rairayi da tsakuwar da suka gangaro daga tudu a kan wannan ƙasa mai albarka suke kwanciya, su toshe magudanan ban ruwa, su binne shuka. Wato dai manomin da bai taɓa sayar da ko da kwano ɗaya na ma'adini ba shi ke biyan kuɗin ramin da wani ya haƙa.

Darasi Daga Wasu Wurare

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ramukan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ƙanana ne idan aka kwatanta su da na wasu wurare, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a tare su tun yanzu.

A tsaunukan Jos, kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20. Da kasuwar kuza ta faɗi aka watse, sai aka bar ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da tsibin ƙasa a filayen da a da gonaki ne. Har yau suna nan, kuma sun sha cin rayukan mutane da dabbobi. Kamfanonin da suka haƙa su kuwa sun daɗe da kwashe nasu ya nasu, babu wanda za a riƙe.

A Zamfara, wadda har zuwa 1996 yanki ce na jihar Sakkwato, abin ya zo ta wata fuska. A shekarar 2010 aka gano cewa duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suna ɗauke da gubar dalma. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Likitocin ƙungiyar MSF sun nuna cewa ba a iya yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, saboda haka dole sai da aka kankare ƙasar saman gidaje da filaye, aka kai ta wani wuri aka binne, aka zubo sabuwa. Garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai a 2013, bayan an daɗe ana jiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Jifsam ba shi da gubar dalma, amma darasin ɗaya ne: idan ba a tanadi kuɗin gyara tun ana haƙa ba, ranar da masifa ta auku sai a kama yawon roƙo yara na mutuwa.

Misali na uku shi ya fi kamata ya tsaya wa ɗalibin malanta a rai. A ƙauyen Abafan na yankin Wales a Birtaniya, an daɗe ana jibge dattin ramin kwal a gangaren wani tsauni da ke saman gari, a kan wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa. Ranar 21 ga Oktoba, 1966, bayan an kwana biyu ana ruwa, tsibin ya narke ya gangaro da safe ya rufe makarantar firamare, yara sun shiga aji ke nan. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Mutanen garin sun sha yin kuka a kan wannan tsibi kafin ranar, ba a saurare su ba. Da aka zo kwashe sauran tsibin kuma, sai aka ciri fam 150,000 daga gudunmawar da jama'a suka tara wa waɗanda abin ya shafa, kuɗin da ba a mayar ba sai a 1997.

Injin da Ya Dace da Gangare

Mai karatu zai iya cewa ai katafila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, me zai hana a tura ta ta ture ƙasa ta cike ramin? Amsar ita ce, katafilar da aka saba gani wajen aikin hanya an ƙera ta ne don ƙasar da ba ta da karkata sosai. Idan gangare ya yi tsaye takan zame, ko ta kife da direbanta, ko nauyinta ya rusa bakin ramin da aka zo gyarawa. Kafin ta kai ga ramin da ke tsakiyar tudu sai an yanka mata hanya a jikin tudun, kuma sau da yawa wannan hanya takan fi ramin ɓarna, domin ita ce za ta zama sabon kwazazzabo a damina mai zuwa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Akwai injuna iri biyu da ke kauce wa wannan matsala. Na farko shi ne katafila mai dogon hannu. Ita takan tsaya a wuri mai tauri, a saman tudu ko a gindinsa, ta miƙa hannunta mai tsawon mita 15 ko fiye ta yi aiki daga nesa, ba tare da ta taka wurin da ke da hatsari ba. Ana samun irinta a Nijeriya wajen masu yashe koguna da madatsun ruwa.

Na biyu shi ne injin da aka fara ƙerawa a tsaunukan Suwizalan da maƙwabciyarta a shekarun 1960, wanda kamfanonin Menzi Muck da Kaiser suka shahara da shi. Ana iya kiran sa katafila mai ƙafar gizo-gizo. Maimakon sarƙa, ƙafafu huɗu gare shi, kowace tana miƙewa ko ta lanƙwashe ita kaɗai, wasu da taya, wasu da farcen ƙarfe da ke kafewa a ƙasa. Da haka mazaunin direba ke zama daidai ko da ƙafa biyu suna sama biyu suna ƙasa. Yakan kafa cokalinsa a ƙasa ya ja jikinsa, kamar yadda mai hawan dutse ke dafawa da hannu, kuma yana aiki a gangaren da ya kai digiri 45. Inda ya fi haka tsayi akan ɗaure shi da igiyar ƙarfe daga sama. Babbar fa'idarsa ita ce ba ya bukatar a yanka masa hanya, yakan je ya yi aikinsa ya dawo bai bar wa tudu sabon rauni ba.

Shi kansa aikin yana da tsari. Da rani ake yin sa, lokacin da laka ta bushe. Akan fara da yi wa ruwa hanya a saman ramin don ya daina zubowa ciki. Daga nan a sassabe bakin ramin da ya yi tsaye, a mayar da shi matakala-matakala, daga sama zuwa ƙasa. Sai a mayar da tsibin cikin ramin kaɗan-kaɗan, manyan duwatsu a ƙasa, ana dannewa a kowane hawa. Ƙasar noma ita ce ta ƙarshe, kuma dole a dasa abin da zai riƙe ta da zarar ruwa ya sauka: jema da gamba, da itatuwa masu jure fari irin su bagaruwa da aduwa.

Hanzarin Masu Suka

Akwai masu ganin cewa wannan magana ta mai ƙoshi ce. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane noma a wurare da dama, ake fama da rashin magani da rashin azuzuwa, ina ake ta cike rami? Wannan hanzari yana da ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce a tura inji da direba dajin da babu tsaro. Sai dai rashin tsaron ne ma ya ƙara wa gonakin da ke kusa da gari daraja, tunda su ne suka rage wa mutane. Barin rairayi ya binne su ƙarin asara ne a kan asara.

Wasu kuma za su ce injin gizo-gizo yana da tsada, kayan gyaransa sai an yi odar su daga Turai, kuma wanda ya iya tuƙa shi ba ya da yawa. Wannan gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa leƙa harabar sakatariyar ƙaramar hukuma ya ga taraktocin da suka zama mazaunin ƙadangaru saboda rashin ƙaramin ƙarfe ya san ƙarshen injin da aka saya don a yi bikin ƙaddamarwa. Saboda haka sayen inji shi ne mataki na ƙarshe, idan ma har ya zama dole. Matakin farko shi ne ƙidaya: a san ramuka nawa ne, ina suke, mene ne zurfinsu, kuma mene ne a ƙarƙashinsu. Daga nan a kasa su uku. Marasa zurfi da ke kan fili aikin majiya ƙarfi ne da shebur da baro. Masu zurfi ko masu ruwa da ke kan fili aikin katafilar da aka saba ne. Na gangare mai tsayi, waɗanda ke saman gidaje da makarantu da fadama, su kaɗai ne za a kira wa inji na musamman. Idan an yi haka za a tarar kason nan na uku shi ne mafi ƙaranci, kuma hayar inji da direbansa na rani ɗaya ko biyu, bisa haɗin guiwar ƙananan hukumomin da abin ya shafa da gwamnatin jiha, za ta fi sayensa sauƙi da amfani.

Hanzari na uku shi ne cewa inji zai ƙwace aikin da matasa za su yi su sami abin kai wa baka. A nan ƙasar Adar ta jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Sakkwato ta arewa, ta ba da amsa. A aikin farfaɗo da kwarin Keita da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, an haɗa manyan injuna da hannun jama'a, mafi yawansu mata, aka jera duwatsu, aka yi kunyoyin tare ruwa, aka dasa itatuwa a tuddan da suka riga suka zama faƙo. Inji na musamman wurin da za a sa shi shi ne inda tura mutum da diga ganganci ne da ransa. Jera duwatsu da dashe da ban ruwa da tsare shuka daga awaki kuwa aikin mutane ne, kuma shi ya fi daɗewa.

Akwai ma wani dalilin da ya sa ba za a sakar wa inji tudu ba tare da idon masani ba. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa wannan yanki teku ne a zamanin da, kuma a cikin lakar tuddansa aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Wurno kuma ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan aka binne shi a 1837, kuma kewayenta akwai kufai da maƙabartu. Cokalin katafila bai san bambancin ƙashin tarihi da tsakuwa ba.

Wa Zai Biya?

Doka ba ta yi shiru a kan wannan tambaya ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin da ya haƙa, ta tanadi asusun kare muhalli da farfaɗo da shi, ta kuma ce a ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ake haƙa a ƙasarta. Matsalar ita ce dokar ta fi kama mai lasisi, alhali yawancin ƙananan ramuka talakawa ne marasa takarda suka haƙa su don neman na tuwo. Kama irin waɗannan ba zai cike rami ko ɗaya ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi ma'adinin zuwa inda ya zama kuɗi. A 1977 Amurka ta yi dokar da ta ɗora haraji a kan kowane tan na kwal da aka haƙo, santi 35 a kan na sarari, 15 a kan na ƙarƙashin ƙasa, ana tara kuɗin don gyara ramukan da masu su suka gudu suka bari. Ana iya kwaikwayon wannan daidai ƙarfin wuri: kowace tifa da ta fita da jifsam ko burji ko dutse ta bar wani abu kaɗan a asusun da ba a taɓa shi sai don cike rami, a ƙarƙashin idon hakimi da ƙungiyar masu haƙa da wakilan manoma, kuma a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Ɗan kwangilar hanya kuma kada a biya shi cikon kuɗinsa sai ya rufe ramin da ya ɗebi burji. Tsofaffin ramukan da ba a san mai su ba, su ne haƙƙin Asusun Kula da Muhalli da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1981. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Rawar da Malami Zai Taka

Ƙidayar da aka ce ita ce matakin farko ba ta bukatar injiniya daga Abuja. Babu wanda ya san ramukan gari kamar yaran da ke kiwo da ɗebo itace a kewayensa, kuma babu wanda ke tara waɗannan yara kullum kamar malami. Malamin Hausa zai iya ba da jingar insha'i a kan ramin da ke kusa da unguwar kowane ɗalibi: sunan wurin, abin da aka haƙa, abin da dattawa suka tuna game da shi. Daga waɗannan rubuce-rubuce za a iya fitar da jerin sunaye da taswira mai sauƙi a miƙa wa mai unguwa da ƙaramar hukuma. Sharaɗi ɗaya ne: tambaya ake yi, ba a tura yaro bakin rami don awo. Haka kuma malamin da ya ga tsibin ƙasa ko tsagewa a gangaren da ke saman makarantarsa, wajibinsa ne ya rubuta wa shugaban makaranta da sakataren ilimi, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi.

Kammalawa

An ga yadda ramin gangare ya bambanta da na fili, da irin injin da ya dace da shi, da kuma abubuwan da ya kamata su riga injin zuwa, wato ƙidaya da rarrabewa da tanadin kuɗi daga ribar ma'adinin kansa. Jos da Bagega da Abafan duk sun nuna cewa gyaran da aka jinkirta yakan ninka tsada, wani lokaci har da rayukan yara. Tuddan Wurno da Rabah da Goronyo ba su kai can ba tukuna. Wannan rani ne lokacin fara ƙidaya, kafin ruwan farko ya sake jan wani tsibin zuwa fadama.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin illar ramin fili da ta ramin gangare kamar yadda maƙalar ta nuna.
2. Kawo hanzari biyu na masu suka, da yadda aka amsa kowanne.
3. Fito da karin magana uku daga maƙalar, ka bayyana aikin da kowanne ya yi a inda aka sa shi.
4. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku a kan wani rami ko kwazazzabo da ke barazana ga makaranta ko gonaki a garinku.